Ɓarawon Da Ya Rufe Ƙofa

Wane ne ainihin mutum? Hannun da ya yanke kwado, ko hannun da ya waiwaya ya ja ƙofa ya rufe don kada sanyi ya shiga? Idan kuwa hannayen biyu a jiki ɗaya suke, wanne za a sa wa ankwa? Ni dai ban sani ba. Sufeton da ya yi binciken ma, duk lokacin da aka tayar da maganar, sai ya girgiza kai ya ce a zuba masa shayi.

Washegarin ranar hutu ne aka bugo waya caji ofis da hantsi. An yi sata a kamfanin leda da ke bayan tashar manyan motoci. Sufeto ya ajiye kofinsa, ya ɗauki hula, ya ƙwala wa Sajan kira.

"Leda kuma, Yallaɓai?" in ji Sajan, yana tayar da mota. "Mutane sun gama satar shanu da motoci, sun koma kan leda? Ai iska ma kyauta take raba ta."

"Tuƙa mu dai."

A bakin ƙofar kamfanin wani dattijon maigadi ya tare su da akwatin katako.

"Ranku ya daɗe, waya da ashana duk a nan ake bari. Akwai sinadari a ciki, ba ya son tartsatsi."

Ya miƙa musu fararen huluna na yadi marar nauyi. Sajan ya shafa sanƙonsa.

"Baba, ni me zan rufe? Ai Allah ya riga ya share min."

"Doka ce, ranka ya daɗe. Ko marigayi mai kamfanin bai taɓa shiga ba hula ba."

Matar marigayin ce ke riƙe da kamfanin yanzu. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Doguwar mace ce marar yawan murmushi. Ta tarye su a tsakiyar ɗakin aiki, inda wani inji mai tsawon motar tirela ke jan leda yana naɗewa. Warin wurin kamar na sabon fenti.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Naɗi huɗu."

"Naɗin me?"

Ta ciro wata 'yar jakar madarar jarirai daga aljihun rigar aikinta, ta yaga gefe da haƙori, ta nuna masa.

"Kana ganin kamar leda ɗaya ce. Uku ce. Ta waje ita ke ɗauke da suna da hoto. Ta tsakiya alminiyam ce, ita ke tare haske da danshi. Ta ciki ita ke taɓa madarar. Injin can ke shafa gam ya haɗe su. In ya gama, sai mu kai naɗin ɗakin ɗumi ya yi kwanaki, har gam ya nuna. Daga nan aka sace."

"Kenan ledar tana ɗauke da sunan kamfanin madara?"

"Suna da hoto da komai."

Sufeto ya karɓi jakar ya jujjuya ta. Ya san masu sayen irin wannan kaya. Su cika jaka da garin da ba a san asalinsa ba, su liƙe baki, su kai kasuwa. Uwa ta gani ta saya, don ta yarda da sunan.

"Kin sanar da kamfanin madarar?"

Fuskarta ta ɗaure.

"Ban sanar ba, kuma ba zan sanar ba. Aikinsu ne ke riƙe da gidan nan. Ranar da suka ji ledarsu ta fita daga hannuna, ranar za su ɗauke aikin. Ka ga mutanen can? Kowa da bakunan da yake ciyarwa. Ka nemo min kayana shiru, Yallaɓai. Shi ya sa na kira ku."

"Jariran kuma fa?"

"Ka nemo kayan, babu abin da zai same su."

Bai ja da ita ba. Ya ce a kai shi ɗakin ɗumi.

Ƙofar ɗakin mai kauri ce, kamar ta firij. Kwadon na nan a ƙasa, an datse shi gida biyu. Sufeto ya tsuguna ya dube shi, bai taɓa ba.

"Wa ya fara zuwa nan da safe?"

"Ni," in ji Mama.

"Yaya kika tarar da ƙofar?"

"A rufe. Sai da na ga kwadon a ƙasa gabana ya faɗi."

"A rufe ruf?"

"Ruf. Har da tsumman."

"Wane tsumma?"

Ta nuna wani dogon tsumma da aka murɗe kamar gammo. Ƙasan ƙofar ya ɗan lanƙwashe tun zamanin marigayi, iska na shiga. Duk wanda ya fito sai ya tura tsumman da ƙafa ya toshe wurin. In ɗakin ya huce, gam ba zai nuna daidai ba, kayan ciki duka su lalace.

Sajan ya yi dariya.

"Kai, wannan ɓarawo ya samu tarbiyya. Saura ya yi shara ya yayyafa ruwa."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya shiga. Zafi ya buge shi kamar an buɗe masa tanda. Manyan naɗe-naɗe na kwance a kan marataya, jeri-jeri, kowanne girmansa ya kai na gangar mai. Babu ko ɗaya da ya taɓa ƙasa.

"Me ya sa duk a kwance suke?"

"Ba a tsayar da naɗi a kan gindinsa," in ji Mama. "Gefen zai murƙushe. Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci kenan."

"Ina gurbin waɗanda aka ɗauka?"

Ta kai shi can ƙurya. Gurabe huɗu babu kowa.

"Na bakin ƙofa fa?"

"Waɗannan sun nuna, gobe ma za a yanka su. Na ƙuryar sababbi ne."

Sufeto ya share gumi. Ɓarawon ya tsallake kayan da suka nuna, waɗanda ke kusa da hannu, ya je ya wahalar da kansa da ɗanyu a ƙurya. Ya gama ya fito, ya ja ƙofa, ya tura tsumma. Wannan ba baƙo ba ne. Kuma ba leda kawai yake nema ba. Waɗannan huɗun yake so su ɓace.

Manajan kamfanin ƙanen marigayi ne. Ma'aikata na ce masa Maza-maza, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ko zama bai iya yi ba, yana magana yana zagaya teburinsa.

"Yallaɓai, ba sai an wahalar da kai ba. Maigadi ne. Shi kaɗai ne a nan jiya. Ku tafi da shi maza-maza, kafin yamma zai faɗi inda ya kai."

"Tsohon can zai iya ɗaga naɗi?"

"Ai ba shi zai ɗaga ba. Buɗe ƙofa kawai zai yi."

"Motar ɗaga kaya fa? Ina makullinta yake kwana?"

Maza-maza ya ɗan tsaya.

"A nan ofis. Amma kowa na shigowa."

"Kai ina kake jiya?"

"Gida. Ban leƙo ko titin nan ba."

"Wa ya haɗa naɗin nan huɗu?"

"Inji."

"Wa ke kan injin?"

"Ranar nan mai injin ba shi da lafiya, ni na karɓa. Aiki ba ya jira. Yayana ne ya koya min da hannunsa, babu abin da ban sani ba a injin nan."

"Allah ya jiƙansa," in ji Sufeto, ya miƙe.

Maigadi na zaune a kan bencinsa kamar wanda ke jiran hukunci. Da ya ga sun nufo shi ya zabura.

"Zauna, Baba. Jiya ka bar ƙofar nan?"

"Ko taku ɗaya, ranka ya daɗe."

"Mota ta fita?"

"Ban ga mota ba."

"Naɗi huɗu suka yi fiffike kenan?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Sajan, wanda idonsa ba ya zama wuri ɗaya, ya janyo wata jaka daga ƙarƙashin bencin. 'Yar safa ce a ciki, da hula ƙarama kamar ta 'yar tsana, da sabulun wanka.

"Baba, ashe ƙafarka ta motse haka?"

Duk da tsoron da yake ciki, sai da bakin tsohon ya motsa.

"Ta jikata ce. 'Yata ta sauka."

"Barka!" in ji Sufeto. "Yaushe?"

"Jiya da rana."

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, ranka ya daɗe, hancin nan nawa ne sak..."

Ya ga ramin da ya faɗa.

"A bakin ƙofar nan aka kawo maka ita?"

Hawaye ya cika idon dattijon. Ya ce ya tafi asibiti bayan azahar, bai dawo ba sai dab da magariba. Ba gudu ya yi ba, izini aka ba shi.

"Wa ya ba ka?"

"Ranka ya daɗe, mutumin nan alheri ya yi min. Ya ce in tafi, shi zai zauna min. Ya ce kada in faɗa wa kowa, don in Mama ta ji za ta sallame ni. Yaya zan saka masa da tonon asiri? Ku kulle ni kawai."

Sufeto ya dube shi. Ya sha ganin mutane suna ƙarya don tsoro, ya sha ganin masu yi don kwaɗayi. Masu ƙarya don godiya su ne suka fi ba shi wahala, domin ba ya jin daɗin karya su.

"Ba zan kulle ka ba, Baba. Zauna ka yi tunani. Zan dawo."

Ɗakin gwaji ƙarami ne, fes da shi. 'Yar Mama ce ke aiki a ciki, budurwa mai gilashi, wadda ta yi karatun sinadarai don ta riƙe wa mahaifinta wannan ɗaki. Aikinta ta yanki ƙyalle daga kowane naɗi, ta sa a na'ura ta ja, ta ga ko ledojin uku za su rabu.

"Kin gwada naɗin da aka sace?"

"Ban kai kansu ba tukuna."

Ta faɗa da sauri, idonta na kan na'ura. Sufeto ya zagaya ɗakin a hankali. A kwandon shara ya ga ƙyallaye masu ƙyalli. Ya ɗauko ɗaya, sai ya manne masa a yatsa. Ya ja, ledar ta rabu uku ba gardama, kamar ɓawon albasa. Ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Wannan fa?"

Ta juya ga na'urarta.

"Ƙanwata, ni ban yi karatunku ba. Ki fahimtar da ni. Haka ake so ya yi?"

"A'a."

"Me ya same shi?"

Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

"Ba gam ɗin abinci ba ne. Namu ya ƙare, motar da za ta kawo ta makara. Akwai wani da muke haɗa ledar garin sabulu da shi. Da shi aka yi. Kowane gam kuma da awon mahaɗinsa, abin da ke sa shi ya daskare. An zuba masa awon gam ɗin abinci. Ba zai taɓa bushewa ba, ko shekara zai yi a ɗakin ɗumi."

"In aka zuba madara a ciki fa?"

"Zai ratsa ledar ciki ya shiga madarar." Ta dubi ƙyallen da ke hannunsa. "Babba zai yi amai ya warware. Jariri..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Wa kika faɗa wa?"

"Baffa."

"Maza-maza?"

Ta gyaɗa kai.

"Ya ce in bar masa, zai lalata su da kansa. Ya ce kada in ɗaga wa Mama hankali, hawan jininta ya tashi. Da na ji an ce sata, sai na ce a raina ƙila dabararsa ce ta fitar da su. Yallaɓai, shi ya goya ni. Ranar da Baba ya rasu shi ya tsaya mana. Ta yaya zan nuna shi da yatsa?"

"Ba ki nuna ba. Kwandon shararki ne ya nuna."

Sufeto ya koma bakin ƙofa da ƙyallen a hannu. Ya zauna kusa da maigadi a kan benci, ya raba ledar uku a gabansa, ya faɗa masa abin da yarinyar ta ce, bai ƙara ba bai rage ba.

"Jikarka nono take sha?"

"Nonon bai kawo ba tukuna. Likita ta ce a haɗa mata da..." Ya dubi hoton da ke jikin ƙyallen. "Irin wannan na saya mata jiya."

Ya ɗago ya dubi Sufeto.

"Manaja ne," ya ce. "Allah ya gani, ban so faɗa ba."

Motar kamfanin, wata akori-kura, na fake a bayan ɗakin ajiya. An wanke gabanta tas, amma Sajan ya haye baya ya yi fito.

"Yallaɓai, zo ka ga zane."

A kan ƙarfen bayan motar akwai zobba huɗu, manya, baƙaƙe. Ɗanyen gam ne ya tsiyayo daga gefen naɗin, ƙurar hanya ta bi ta manne. An goga da tsumma, abin ya ƙi fita.

Sufeto ya aika aka kira Mama da 'yarta da Maza-maza. Da Mama ta ga zobban ta dafe ƙirji.

"A tsaye aka ɗora su? Wane jahili ne..."

"Ba jahili ba ne," in ji Sufeto. "Mutumin da ya tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa ya san ba a tsayar da naɗi. Ya rufe ƙofar ne don kayan ciki masu kyau ne, yana tausayinsu. Waɗannan ya tsayar da su don ya san matattu ne. Mutum biyu kaɗai suka san haka a gidan nan. Ɗaya ba ta iya tuƙa motar ɗaga kaya ba."

Ya juya.

"Manaja, ka ce ba ka leƙo titin nan jiya ba."

"Ƙarya tsohon nan yake yi! Maza-maza ku..."

"Ban ce maigadi ya ce komai ba."

Daga ciki ana jin injin yana ta jan ledarsa.

"Baffa," in ji yarinyar a hankali, "ka faɗa musu. Don Allah."

Maza-maza ya dube ta. Mutumin da bai iya zama ba ya nemi tayar motar ya zauna a kai.

"Yaya," ya ce wa Mama, bai ɗago ba, "tun da ya rasu, duk wanda ya buɗe baki sai ya ce da marigayi ne da ba haka ba. Ranar nan gam ya ƙare, mai inji na kwance, masu madara na ta bugo waya. Na ce in na tsayar da inji za a ce ga shi nan, ƙanen ya kasa. Na ce gam ai gam ne."

"Shi da ya tsayar," in ji Mama. "Sau nawa ya tsayar a gabanka?"

"Na sani. Da yarinyar nan ta nuna min ƙyallen, na rasa inda zan sa kaina. In na ce miki na lalata naɗi huɗu da hannuna, da wane ido zan dube ki? Sai na ce gara a ce ɓarayi ne."

"Ka kuma ce a tafi da tsoho maza-maza," in ji Sufeto.

Maza-maza ya rufe fuska da tafukansa.

"Ina kayan?"

"Na kai wa mai sayen tarkacen leda, can bayan mayanka. Na ce ya niƙe su. Ya yi min alkawari."

"Ka shekara nawa a sana'ar nan? Ka taɓa ganin wanda aka ba ledar madara sabuwa fil, da suna da hoto, ya zuba ta a injin niƙa?"

Maza-maza ya ɗago. A fuskarsa Sufeto ya ga amsar. Mutumin ya sani tun jiya, ya dai hana kansa tunawa ne.

"Tashi ka nuna mana hanya. Yau kam sunanka zai yi amfani."

Sajan ya tuƙa kamar ana bin sa. Filin mai tarkacen cike yake da tsaunukan robobi da buhuna. Mai wurin, wani gajere mai ƙaton ciki, ya fito yana goge hannu.

"Naɗi? Wane naɗi? Ni tsofaffin bokitai nake saye."

"To, bokitin can da ke ƙyalli a ƙarƙashin tamfol fa?" in ji Sajan.

Uku na nan a tsaye, ba a taɓa su ba. Na huɗun yana cikin wata rumfar kwano, an ɗora shi a kan ƙarfe an fara yanka. Mutum biyu na zaune da na'urar liƙe baki, ga buhun wani farin gari a gefe. Sun so su tsere, amma ɗanyen gam ya riƙe musu yatsu da takalma, jakunkunan da suka cika kuma duk sun buɗe baki, gari ya zube.

"Tun safe muke fama," in ji ɗayansu, kamar mai kai ƙara. "Ledar nan ba ta da kyau. An cuce mu."

"Za ka yi bayani a ofis," in ji Sajan. "A can ake karɓar koke."

Sufeto ya sa aka tattara komai, har gutsattsarin ƙasa. Ya tambayi mai wurin ko jaka ɗaya ta fita, ya tambayi mutanen biyu daban-daban. Bakinsu ya zo ɗaya. Babu wadda ta liƙu balle ta fita. Sai a lokacin ya ji kafaɗunsa sun sauka.

Da la'asar suka koma kamfanin da kayan. Ma'aikata sun taru a bakin ƙofa da fararen hulunansu. Mama ta ƙirga naɗin da ido, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ka gani, Yallaɓai? An gama shiru, babu wanda ya ji."

Sajan ya fito da ankwa. Maza-maza ya miƙa hannu da kansa. Ya tsaya gaban maigadi, kansa a ƙasa. Dattijon ne ya yi magana.

"Na dai ga jikata, Manaja. Wannan kam ka yi min."

Aka nufi mota da shi. Sajan ya buɗe ƙofar baya. Ƙafarsa ɗaya na ciki, sai Maza-maza ya tsaya cak.

Babu wanda ya tambaye shi. An samu kayan, an rufe bincike, ko Sufeto ya riga ya sa hularsa. Da ya shiga motar ya yi shiru, da wataƙila har abada babu mai sani.

"Yaya," ya ce. "Biyar ne."

Mama ta juyo.

"Na farkon da ya sauko daga inji ban kai shi ɗakin ɗumi ba. Masu madara na ta matsa mana, sai na yanka shi na cusa cikin kayan da aka kai musu. Yarinyar nan ba ta gan shi ba. Yana ɗakin ajiyarsu. Yadda suke aiki, gobe ko jibi zai hau injinsu."

"Ka san abin da ka ƙara wa kanka?" in ji Sufeto.

"Na sani."

Ya shiga motar, ya ja ƙofar da hannayensa masu ankwa, ya rufe.

Sufeto ya dubi Mama. Yana da ikon ya je kamfanin madarar da kansa, kuma da zai je. Amma ya tsaya ya ba ta ɗan lokaci.

Ta dubi ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya. Mai injin da ya tashi daga ciwo ya cire hularsa ya riƙe.

"Mama, in sun ɗauke aikin, ma yi ledar sabulu," ya ce. "Ai akwai sauran gam ɗinta ma."

Wani ya yi dariya, dariyar ta bi sauran. Mama ba ta yi ba, amma fuskarta ta saki.

"Je ka kashe injin," ta ce masa. "A wanke shi tas, kada ɗigon gam ɗin nan ya saura."

Ƙarar da ta cika wurin tun safe ta yi ƙasa, ta mutu. Mama ta taka zuwa bencin maigadi. Dattijon ya riga ya buɗe akwatin katako, ya ciro wayarta yana miƙo mata da hannu biyu. 'Yarta ta zo ta tsaya a gefenta.

Ta danna lambar kamfanin madarar, ta kai kunne, ta gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai leda. Ka sa a tsayar da injinku yanzu. Akwai abin da zan faɗa maka, kuma ina so ka ji shi daga bakina."